Wane suna za mu ba kotizol da Hausa?

1. Jama'a, ku kawo ɗauki. Ƙanwata ɗalibar nazarin halayyar ɗan Adam ce a nan Marwa. Takardar neman izinin mutanen da za ta gwada da Faransanci take, ita kuwa Hausawan kasuwa za ta karanta wa. Mun zo kan kalmar kotizol muka cije.

2. Ga abin a taƙaice: kotizol wani sinadari ne da jiki ke yi. Wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a kan ƙoda ne ke fitar da shi cikin jini idan mutum ya shiga matsi, ya sa sukari ya ƙaru a jini, jiki ya samu ƙarfi. Kaɗan daga ciki na ɓullowa a yawu. Shi ya sa masu bincike suka fi son yawun: tsoron allura kaɗai na iya ɗaga abin da ake son aunawa. Auduga ake ba ka, ka tauna minti ɗaya ko biyu, a mayar cikin 'yar roba a rufe.

3. Da farko mun rubuta "sinadarin damuwa". Ban gamsu ba. Abin nan ya fi yawa da safe, minti 30 zuwa 45 bayan farkawa, ya yi ta sauka har tsakar dare. Wanda ya kwana lafiya, ba bashi ba ciwo, shi ma nasa yana hawa da asuba. Ka ce wa tsohuwa damuwarta ta yi yawa da safe, ai ka sa mata wata sabuwa.

4. Wani yayanmu a Garwa ya ce "sinadarin zabura". Da daɗin ji, amma zabura ta adiranalin ce, mai sa gaba ya faɗi nan take. Kotizol kuwa jinkiri gare shi. A gwajin da aka tsara a Jamus a 1993, inda ake tsayar da mutum gaban alƙalai masu ɗaure fuska ya yi jawabi, sannan ya yi lissafi da ka, sai bayan minti 20 zuwa 30 yake kaiwa ƙololuwa a yawu.

5. Wata malamar asibiti a Ngaundere ta ce a bar shi kotizol, ai insulin ma ba mu sake masa suna ba. Gaskiyarki, Yaya, amma a bakin kasuwa sai an ɗora bayani.

6. Ni dai "sinadarin ɗamara" ya kwanta mini. Ana ɗaura ɗamara don aikin safe, ana ɗaura ta don faɗa, wanda kuma ya kwana da ita bai kwance ba zai ji a jikinsa. Shi muka sa, kotizol na biye da shi.

7. Saura abu biyu. Yawu za mu rubuta ko miyau? Kakarmu miyau take cewa. Sannan takardar ta hana ci da goge baki rabin awa kafin gwaji, ba ta ambaci goro ba. Na ƙara shi da hannuna, na haɗa da asuwaki.