Ta ina ake shiga aikin yaƙi da halasta kuɗin haram?

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Aikina a banki buɗe wa mutane asusu. Ina son komawa ɓangaren yaƙi da halasta kuɗin haram, nan gaba kuma in riƙa ba kamfanoni shawara. Jarrabawar CAMS, ta samun takardar shaidar ƙwarewa a wannan fanni, zan fara yi?

Hajiya Rabi: Wa'alaikumus salam ƙanina. Ai ka riga ka sa ƙafa, tunda tantance abokin hulɗa, KYC ɗin nan, shi ne tushen aikin. Kada ka yi gaggawar takarda. Nemi a mayar da kai teburin da ake bin hada-hadar da kwamfuta ta yi zargi. Can za ka ga asusun da ya daɗe shiru, kwatsam kuɗi su fara shigowa gutsure-gutsure, kowanne ƙasa kaɗan da adadin da doka ta ce a kai rahoto, washegari su fice waje. Yawancin abin da kwamfutar ke nunawa ba komai ba ne. Tsamo na gaskiya a cikinsu, sai hannu ya saba.

Malam Idi: Hajiya, a nan mun ɗan saɓa. Masu ɗaukar aiki takarda suke fara dubawa. CAMS ta ƙungiyar ACAMS ta fi shahara, akwai difloma ta ƙungiyar ICA a Birtaniya, sai takardar CFE ga mai son binciken zamba.

Hajiya Rabi: Malam, ban hana shi ba. Ya yi ta yana kan aikin, zai fi fahimta.

Zainab: Yaya Nura, kafin ka kashe ko sisi, karanta shawarwari 40 na FATF, hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin yaƙi da halasta kuɗin haram, kyauta suke a shafinta. A 1989 ƙasashen G7 suka kafa ta a Paris, kuma dokokin ƙasashe da dama daga nan aka samo su. Rahotannin da take yi kan ƙasashe sun fi daɗin karatu, don suna nuna inda ake yin sakaci.

Baffa Garba: Ni shari'o'i zan ce ka bi. Bankin HSBC ya biya Amurka tarar dala biliyan 1.9 a 2012. Reshen bankin Danske na Estoniya, kusan yuro biliyan 200 ake zargin sun bi ta cikinsa tsakanin 2007 da 2015. Kamfanin kuɗin kirifto Binance kuwa, tarar dala biliyan 4.3 a 2023. Bayan irin wannan tara ne ake kiran masu ba da shawara su gyara ɓarna. Amma ka sani, wanda ke biyanka shi za ka faɗa wa tsarinsa ya ruɓe, wani kuma rahoto mai tsabta kawai yake so ya nuna wa hukuma. In ba za ka iya ƙin sa hannu ba, zauna a banki.

Nura: Allah ya saka da alheri. Gobe zan ga shugabar sashen.

Hajiya Rabi: Ka kuma koyi rubuta rahoton zargi: wa, nawa, yaushe, me ya sa ka yi shakka, a taƙaice. Kuma ko ɗan uwanka ne mai asusun, kada ya ji an kai rahotonsa. Laifi ne a dokar ƙasashe da yawa.