Gurasa 40 daga Kano, walima sai Lahadi: firji ko kwando?

Uwargida a Malali: Assalamu alaikum 'yan uwa, a taimaka min da shawara. Ƙanin maigidana ya kawo min gurasa 40 daga Jakara jiya Laraba, ta walimar saukar ɗana ce ranar Lahadi, bandashe zan yi wa baƙi. Firizata 'yar ta saman firji ce, kaji sun cika ta, ko allura ba za ta shiga ba. Wuta kuma sai dare muke gani. In tura su ƙasan firjin ne ko in bar su a kwando? Sannan guda uku na ga fari-fari a bayansu, na rasa gari ne ko funfuna.

Ɗan Kawo: Wa alaikumus salam. Hajiya ki jefa su firiza kawai, wata guda ma za su yi.

Uwargida a Malali: Malam, ai na ce babu wuri.

Bakanuwa a Rigasa: A gindin tanderu na tashi, sana'ar kakata ce. Firji busar da gurasa yake, kwana biyu ta koma kamar ƙirgi. Amma tunda bandashe ne bushewa ba komai ba ce, dama sai kin tsoma ta a ruwan ɗumi kafin ki barbaɗa ƙuli da yaji. Gumi shi ne abin tsoro. Ki ciro su daga ledar da suka zo ciki yanzun nan, ki baza su a faifai su sha iska. Farin kuma ki goga da yatsa. Gari kakkaɓewa yake, funfuna tana tsaye kamar auduga, a manne.

Mai bandashe, Tudun Wada: Yaya, don Allah kar ki dogara da ido kaɗai. Bara cikin Agusta, ruwa kullum, na karɓi gurasa 60 bashi. Na tura su firji cikin leda, daren nan taransifomarmu ta ƙone. Bayan kwana uku na buɗe, wallahi ko ɗigo babu a jikinsu, tas. Sai da na yaga ɗaya na ga zare yana bin hannuna kamar yauƙin kuɓewa, cikin ya yi danƙo, ga wani wari mai zaƙi-zaƙi kamar kankana ta fara ruɓewa. Tsoron asara ya sa na zaɓi waɗanda nake ganin da dama-dama na ɗumama wa yara. Autata ta kwana amai da gudawa, sai da aka yi mata ƙarin ruwa leda biyu. Har yau in na tuna yadda idonta ya faɗa ciki sai gabana ya faɗi. Wanda ya kawo min kuwa ya rantse gashin safiyar ranar ce, daga baya na ji ta kwana biyu a hannunsa. Ko sisi bai rage min ba, wata biyu ina biya.

Ɗan Kawo: Subhanallahi, Allah ya ƙara sauƙi. A nawa ya ba ki? Mu 150 muke ɗauka a bakin tasha.

Maman 'yan biyu: Wace 150? Shekaranjiya 300 na saya wajen Kasuwar Barci.

Bakanuwa a Rigasa: An cuce ki. Ƙarama a Kano 100 ce.

Maman 'yan biyu: To sai ki haɗa da kuɗin mota.

Ma'aikaciyar jinya: Abin da ya samu 'yar uwarmu mai bandashe ƙwayar cuta ce da ba ta mutuwa duka a gashi, zafi da laima ke tayar da ita. Funfuna kuma, kore ko baƙa ko fara, kar a yanke wurin a ci saura. Gurasa laushi gare ta, saiwar ta riga ta ratsa ciki. Kar a kai hanci ana shinshina ta, ɗumame kuma ba ya wanke ta. Firjin da babu wuta awa 4 yake riƙe sanyi, shi ma in ba a buɗe ba.

Bakanuwa a Rigasa: Sista, iyayenmu yanke wurin suke yi, sun kai tamanin lafiya lau.

Ma'aikaciyar jinya: Hajiya, ke tanderu kika sani, ni kuma waɗanda ake kawo mana cikin dare nake gani.

Bazazzage: Ku bar Bakanuwa. Ko gurasa ta fito da gemu Bakano ba zai zubar ba, sai dai ya ce an yi ragi.

Bakanuwa a Rigasa: Kai dai zo Lahadi ka ci arziki, mun san abin da ya kawo ka.

Mai bandashe, Tudun Wada: Abin da ya fi ƙona min rai, kowane gida sai da ya ba da 5,000 na gyaran taransifomar nan, ƙarshen wata kuma aka kawo mana bil cikakke.

Ɗan Kawo: Mu sau biyu muka yi karo-karo bana, har yau layi ɗaya ke kawowa.

Uwargida a Malali: Na goga. Biyu gari ne, ɗayar ta ƙi fita, na zubar. To waɗanda suka kwana manne da ita fa?

Maman 'yan biyu: Mu sati uku ke nan wuta ko ƙyaftawa ba ta yi ba. Wa ya san inda ake kai ƙorafi a saurare shi?