"Better" a karin maganar Turawa: "ya fi" ne ko "gara"?

Ɗaliba: Assalamu alaikum. An ba mu karin maganar Turawan Ingila mai cewa "Half a loaf is better than none", sai na fassara ta da "rabin burodi ya fi babu". Yayata ta ce fassarar ba ta zauna ba, shi ne nake neman a nuna mini inda na kauce.

Malamin Turanci: Wa alaikumus salam. Ta fuskar nahawu ba ki kauce ba, domin "better" ita ce siffar kwatanci ta "good" da "well", kuma jerin nasu shi ne "good, better, best". Ba a cewa "gooder", haka nan "more better" da nake yawan gani a takardun ɗalibaina kuskure ne, tunda kwatancin yana cikin kalmar tun asali. Mu kuwa da aikatau "fi" muke kwatanci, kamar a "zuwa da kai ya fi saƙo".

Dattijo: Malam, a gafarce ni, amma ina bayan yayar tata. Wanda aka miƙa wa rabin burodi alhali guda yake buƙata ba yabon rabin yake yi ba, haƙuri yake ba kansa, kuma Bahaushe yana da kalmar haƙurin nan. Cewa muke yi "da babu gara ba daɗi". "Gara" ko "gwamma" tana fitowa ne inda aka tsaya tsakanin abu biyu da ba wanda rai ke so, shi ya sa muke cewa da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Ma'aikaciyar jinya: Baba ya yi gaskiya, kuma a bakin gadon majinyaci nake ganin nauyin wannan bambanci. Likita zai duba yaro ya ce "he is better", sai uwar ta fara naɗe tabarma tana tsammanin sallama, alhali nufinsa zazzaɓin ya ragu a kan na jiya. "Da sauƙi" nake gaya mata, ba na taɓa cewa ya warke.

Malamin Turanci: Na karɓi gyaran, Baba, a kan wannan karin maganar. Sai dai a "prevention is better than cure" zan tsaya a kan "rigakafi ya fi magani", domin rigakafi abin so ne, ba a dole ake rungumarsa ba.