Abin da aka tattauna kan farfaɗo da ƙasar da ta mutu

Jama'a ga abin da na tsinto a taƙaice:

1. Kusan kowa ya yarda a daina tumbuke kututture lokacin sharar gona, a bar rassa biyu ko uku masu ƙarfi a sassabe sauran, kamar yadda manoman Maradi suke yi tun wajen 1983, kuma wallahi gawo ya dawo gonakinsu, ganyensa na zuba da damina ya zama taki.
2. Inda ƙasa ta zama fako, a haƙa ramuka masu siffar rabin wata ko tassa (ƙananan ramukan shuka masu tara ruwa) a zuba taki kafin ruwan farko.
3. Kan shuka bishiyar dogon yaro an rabu, wasu sun ce yana saurin girma, wasu sun fi son gawo da aduwa da kalgo.
4. Maganar hana awaki cinye ƙananan bishiyoyi ba a daidaita ba, shinge ko yarjejeniya da makiyaya.