Wane batir mai caji ya dace da kayan gida?

Uwargida: Assalamu alaikum. Kuɗin batir na rediyo, tocila da rimot ya yi mana yawa, shi ya sa nake neman shawara kan irin mai cajin da ya kamata mu saya.

Mai gyaran lantarki: Wa alaikumus salam, Hajiya. Rediyo da tocilar da ke cin batir girman AA, a nema musu batir mai caji da ake kira NiMH tare da cajarsa. Ƙarfinsa volt 1.2 ne, na yarwa kuwa 1.5, amma yawancin na'urori suna aiki da shi lafiya lau. Kada a haɗa sabo da tsoho a na'ura ɗaya, domin mai raunin yakan lalace da wuri. Rimot ba ya cin wuta sosai, na yarwa ya ishe shi.

Malamin kimiyya: Ina ƙara jan hankali kan batirin lithium mai caji da ake kira 18650, na manyan tociloli, wanda ƙarfinsa volt 3.7 ne. Na gaskiyarsa ba ya wuce mAh 3,500 da yawa (mAh ma'aunin yawan cajin da batir ke riƙewa ne), saboda haka duk wanda aka rubuta masa 9,900 jabu ne. A nisanta shi daga rana da wuta.

Uwargida: Na gode, Allah ya saka da alheri.