Mutane na shiga shafina amma ciniki bai motsa ba

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina sayar da atamfa da leshi da shadda, a Kantin Kwari nake saro su. Bara ƙanena ya buɗe mini shafin intanet, ya haɗa shi da Google Analytics, manhajar da ke ƙirga masu shiga shafi. Duk sanda na duba sai in ga mutane sun shiga da yawa, amma masu saye ba su taka kara sun karya ba. Har talla na biya, lamba ta hau, aljihu shiru. Don Allah me ya kamata in riƙa dubawa a waɗannan alƙaluma?

Abban Sadiq:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ki bar kallon yawan masu shiga, ko a Kwari ai layi cike yake da masu taɓa kaya su wuce. A ina cinikinki yake faɗawa? In a WhatsApp ne, ki sa ƙanen naki ya saita Analytics ya riƙa ƙirga duk wanda ya danna maɓallin WhatsApp. Wannan lambar ce taki.

Daga nan ki duba ta ina masu dannawar suka zo: Google ne, Facebook ne, ko Instagram. Sai dai mahaɗin da kike sakawa a status ɗin WhatsApp yakan fito kamar mutum da kansa ya rubuta adireshin, sai lissafi ya rikice. Akwai Campaign URL Builder, kyauta ne, da shi za ki yi wa kowane mahaɗi alama. Kuma a sabon Analytics, wanda ya maye gurbin tsohon a 2023, duk mutumin da bai wuce daƙiƙa 10 a shafin ba, bai buɗe shafi na biyu ba, bai danna abin da kika ce a ƙirga ba, ana lissafa shi cikin waɗanda suka leƙa suka fita. In mutanen tallarki nan suka fi yawa, ki dakatar da ita.

Mai Kilishi:
Ni Search Console ne ya yi mini rana, yana nuna kalmomin da aka rubuta a Google kafin a iso gare ka. Yawancin nawa farashi suke nema, ni kuma ko'ina na rubuta "a tuntuɓe mu". Da na saka kuɗin kowane ƙunshi da kuɗin aikawa ta tasha, masu "nawa ne?" su ɓace suka ragu. Hajiya ki rage nauyin hotuna ma, ba mai ƙona datarsa yana jiran leshi ya buɗe.

Anti Bilki:
Ban musa ba, amma kar ki gaskata wajen da yake nuna garuruwa ɗari bisa ɗari. Mutum yana Katsina da datar waya, sai ya fito miki a Legas. Ku da ƙanenki ma in ba a cire ku ba ana ƙirga shigarku. Ni duk wadda ta saya sai na ce "a ina kika gan mu?" in rubuta a littafi, ƙarshen wata in gwada da na kwamfuta.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Na duba, kusan kowa da waya yake shiga, shafin shadda kuma aka fi buɗewa, ni da nake ta tallar leshi! Maganar farashi ce ke ba ni tsoro, Mai Kilishi, kaya yau da kuɗinsu gobe da wani. Kai duk sati kake gyarawa ko yaya?