Dis ɗin birkin Scion FR-S: mai huji, mai tsaga ko irin na kamfani?

Mai86_Rayfield:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana birki. Motar Scion FR-S ce ƙirar 2013, 'yar Amurka, birkinta duk na kamfani ne, taya 215/45 R17. A cikin garin Jos lafiya lau take. Amma in aka kama hanyar Abuja aka fara gangara Hawan Kibo, kafin a kai ƙasa feda ta yi laushi tana nutsewa, ga ƙauri yana tashi. Yanzu kuma sitiyari na karkarwa in an taka birki a gudun kilomita 100. An ce dis ɗin gaba, wato faifan ƙarfen da birki ke matsewa, shi ne ya lanƙwashe. Na ga mai huji-huji a Dilimi, wani kuma ya ce in sa manyan birkin kamfanin Brembo in huta. Wanne zan saya?

Bakaniken_FarinGada:

Wa'alaikumus salam. Malam, dakata da sayen komai tukuna, don abin da ka lissafa cuta uku ce, kuma ɗaya ce kawai ta shafi dis.

Fedar da take laushi tana nutsewa, man birki ne ya tafasa. Man birki yana tsotsar danshin iska a hankali, kuma ruwan da ya sha shi ke rage masa jure zafi. Man birki mai lamba DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a 140. DOT 4 sabo 230 ne, tsoho 155. Da ya tafasa a cikin kalifa, wato kan birkin da ke matse dis, sai tururi ya taru, tururi kuma yana matsuwa, shi ya sa ƙafarka take tafiya ƙasa. A zuƙe tsohon gaba ɗaya, a zuba DOT 4 mai kyau, irin ATE Typ 200 da ke kai 280, ko DOT 5.1 mai 260. Lita ɗaya ta isa ƙafafu huɗun. Kada ka yarda a zuba DOT 5, wanda ba shi da ɗigo ɗaya a bayansa. Shi na silikon ne, ba ya haɗuwa da sauran, kuma bai dace da mota mai ABS, na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki, ba. A riƙa canjawa duk shekara 2, mai yawan bin tsauni kuwa duk shekara.

Ƙaurin daga takalmin birki yake. In ya wuce zafin da aka yi shi dominsa, ƙaron da ya haɗa shi yana ƙonewa. Alamarsa daban ce: feda tana nan da tauri amma motar ba ta kamawa.

Karkarwar sitiyari ita ce ta dis, sai dai da wuya ka ga ƙarfen ya lanƙwashe da gaske. Abin da ya fi faruwa shi ne, mutum ya sauko da dis da zafi jau, ya tsaya cak ya danne feda, sai takalmin ya bar shatinsa a wuri guda. Daga nan kaurin dis ya daina zama ɗaya, wani wuri tudu wani wuri kwari. Bambancin da bai kai kaurin gashin kai ba ya isa ka ji shi a hannunka.

Ga awon motarka: dis ɗin gaba faɗinsa milimita 294, kauri 24, kuma ba a barinsa ya yi ƙasa da 22. Na baya 290 ne, kauri 18. A cire taya, a auna kaurin da maikiromita a wuri takwas a zagaye, kamar santimita ɗaya daga baki, don bakin yana da leɓen tsatsa da ke ruɗar awo. Ka kawo mana lambar.

Injiniya_Apo:

Oga ya faɗi gaskiya. Bari in ƙara lissafi don a ga girman aikin da ake ɗora wa birkin nan. Motar nauyinta wajen kilo 1,250 ne, da direba da kaya a ce 1,350. Tsayar da ita daga gudun 100 yana fitar da zafi kimanin kilojul 520. Amma duk mita 100 da ta sauko a tsaye daga kan tsauni, kilojul 1,320 ne. Wato kowace mita 100 ta gangara daidai take da tsayawar gaggawa biyu da rabi, kuma dogon gangare ba ya ba ƙarfen damar hucewa. In direba ya bar ta a giya ta biyar ko ta shida ya ɗora ƙafa a feda tun daga sama, ko wane irin dis ne zai gaji. Ka sauko a giya ta uku, inda ya yi tsanani ta biyu. Ka taka da ƙarfi na ɗan lokaci, ka saki gaba ɗaya iska ta ratsa, sannan ka sake. In otomatik ce, ka mayar da ita gefen M ka riƙe giyar da kanka.

Sai zaɓin dis. Mai huji ni ba na ba da shawararsa ga mai bin tsauni. Kowane rami mafarin tsagewa ne: ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, ya huce ya tsuke, sai siraran tsaga su fara fitowa daga bakin ramukan. Ramukan kuma sun rage nauyin ƙarfen da zai shanye zafi. Asalin dalilin hujin shi ne fitar da iskar da takalman zamanin da suke fitarwa in sun yi zafi, na yanzu ba su da wannan matsalar sosai. Mafi muni shi ne wanda aka ɗauki dis na gama-gari aka huda shi daga baya. In ka ga tsaga ta haɗa rami biyu ko ta kai baki, ranar za a cire shi.

Mai tsaga a fuska, wato layukan da aka yanka masa da gangan, yana kankare takalmi, yana share ruwa da ƙura, kamunsa na farko ya fi kaifi. Farashinsa shi ne takalmi na saurin ƙarewa, da ɗan gurnani in ka taka da ƙarfi. Mai santsi irin na kamfani, in ƙarfensa mai kyau ne, ya ishe wannan motar, don ba ta da nauyi.

Akwai mai ɓari biyu, zoben ƙarfe da tsakiya ta alminiyom. Yana rage nauyi a ƙafar mota, zoben yana samun wurin buɗewa in ya yi zafi, zafin da ke shiga bariyar da taya ke juyawa a kanta ma ya ragu. Abu ne mai kyau amma na mai shiga filin tsere ne.

Manyan na Brembo kuwa, waɗanda aka sa wa Subaru BRZ, 'yar'uwar FR-S, mai Performance Package daga 2017, gaba 326 ne, baya 316. Suna ɗaukar zafi sosai, amma ba za su gajarta maka tsayawa ɗaya ba. Birkin kamfani ma yana kai tayar ga inda ABS zai shiga, saboda haka taya ce iyaka. Kuma rim ɗin FR-S na asali ba ya rufe wannan kalifar, sai ka sayi wasu. In ka sa na gaba kaɗai, rabon birki tsakanin gaba da baya ya canja. Kuɗin nan gara ka zuba su a taya huɗu masu kamu.

Mai86_Rayfield:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. An auna: hagu 22.6, dama 22.4, kuma akwai tabo-tabo masu shuɗi a fuskar na dama. Mai injin fira ya ce zai fere su su koma sumul. In bari?

Bakaniken_FarinGada:

A'a Malam, kada ka bari. Fira tana cin kusan rabin milimita in an haɗa fuska biyu, ka ga ka faɗa daf da 22 ko ƙasa, kuma siririn dis ya fi saurin ɗaukar zafi. Shuɗin tabon nan ƙarfe ne da wuta ta taurara, ko an fere zai dawo, don shi ba ya cinyewa daidai da na kewayensa. Sayi biyu sababbi, 294 da 24, rami biyar 5x100, tare da sabon takalmi. Ba a canja gefe ɗaya.

Wajen ɗaurawa ne aka fi ɓata aiki, ka tsaya a kai. In tsohon ya maƙale, akwai ramuka biyu masu zare a jikinsa, a ɗaura ƙusa M8 ta turo shi, ba sai an yi ta dukansa da guduma ana kashe bariya ba. A goge fuskar hob, wato mazaunin da dis ke kwanciya a kai, da burushin waya har ƙarfe ya fito fes, domin ɓarɓashin tsatsa kaɗan a ƙarƙashi zai sa sabon dis ya riƙa layi, bayan 'yan watanni karkarwar ta dawo a ce dis ne jabu. A wanke man da aka shafo wa sabon da abin wanke birki. A ɗaure shi da noti, a kafa agogon awo a juya da hannu: layin kada ya wuce milimita 0.05. In ya wuce, a cire a matsa shi rami ɗaya a sake gwadawa. A zare sandunan da kalifa ke zamewa a kai, a wanke, a shafa giris na silikon, don baƙin giris yana kumbura robar su maƙale, kuma ina zargin abin da ya ƙona na damanka ke nan. Kalifa a rataye ta da waya, kada ta yi lilo a jikin tiyo. Notin taya a ɗaure su a tsallake-tsallake da sifana mai awo, 120 Nm, ba da bindigar iska ba.

In dis ɗin da ka samu haƙarƙarinsa na ciki, waɗanda ke tsakanin fuska biyun, a karkace suke, akwai na hagu akwai na dama, duba alamar da ke jiki.

Injiniya_Apo:

Saura zaunar da takalmin, kuma kada ka nufi Hawan Kibo kafin ka yi shi. Nemi miƙaƙƙiyar hanya lokacin da ba kowa. Taka a hankali sau biyar daga 60 zuwa 20 ya ɗumama. Sannan sau takwas zuwa goma daga 100 zuwa 20, da ƙarfi amma ba har ABS ya shiga ba, kuma kada ka tsaya cak a tsakani. Za ka ji ƙauri, ba komai. Daga nan ka yi tafiyar minti goma ba ka taɓa feda ba. In ka duba za ka ga fuskar dis ta yi toka-toka bai ɗaya.

Takalmi ka nemi mai ƙarfe-ƙarfe na titi da ke jure zafi, ba na tsere zalla ba, wanda sai ya yi zafi yake kamawa, ga sanyin safiyar Jos. Kuma in an tsayar da kai a shinge bayan ka sauko, ja birkin hannu ka ɗaga ƙafa. A motar nan birkin hannu ganga ce daban a cikin dis ɗin baya, ba ya matse takalmi a kan fuskar da ta yi zafi.